Sunan Ilu a Ƙunshin Gishiri

Rawayau, 12 ga Agusta, 1985

Zuwa ga taubashina Malam Tukur, marubucin takardu, bakin gidan waya, Dutsin-Ma.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, sai ƙafata ta hagu da ke tashi duk ranar da hadari ya haɗu. Gero ya fara fitar da kai, alhamdu lillahi.

Na san za ka yi mamakin wannan wasiƙa. Ni ce dai Rekiya matar marigayi Manu, wadda kakarta da kakanka suka sha nono ɗaya, wadda ka ce ko shekara goma ta yi a ajin yaƙi da jahilci ba za ta bambanta baƙi da sawun kaza ba. To ga shi da hannuna na rubuta. Kada ka yi dariyar layin da ya karkace. Maganar da ke tafe da ni ba wadda zan sa wani ya rubuta mini ba ce.

Ran kasuwar Kurfi da ta wuce na sayi gishiri wurin wata mata, ta ƙunshe mini a takarda mai kauri. Tun da na iya karatu ba na ganin takarda in ƙyale ta, ko ta ƙosai ce sai na warware na haɗa baƙaƙen. Da na juye gishirin a ƙoƙo sai na ga zanen mutum biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, an ɗiga jan tawada a kafaɗar hagu da bayan cinya. A sama an rubuta: Iliyasu Manu, Rawayau, shekara bakwai.

Ilu ɗana ke nan, Malam Tukur. Ilu da ke dafa abinci a makarantar kwana ta garinku.

Zan rubuta sunan ciwon sau ɗaya, ba zan sake ba. Kuturta. Yana da shekara bakwai tabo biyu suka fito masa, aka tsira allura a wurin bai ji ba. Shekara biyar ina kai shi asibitin Tsamiya Uku kowace Talata, muna ce wa mutane za mu gidan gwaggona. Malam Yunana mai ba da magani ya riƙe mana asiri har ya bar duniya. Yaron ya sha ƙwaya, tabon ya ɓace, ko farce ɗaya bai taɓu ba, aka sallame shi. Daga ni sai ubansa muka sani, ubansa kuwa ya rasu. Shi kansa Ilu bai sani ba. Ƙyasbi na ce masa, kuma har yau ƙyasbi ya sani.

Ka san mutanenmu. Ba wanda zai tsaya ya ji cewa ya warke shekara goma sha biyar ke nan. Ranar da maganar nan ta fita, ba mai sake cin abin da hannunsa ya dafa, kuma da wannan hannun yake ci da matarsa da 'yarsa.

Mai gishirin ta ce daga Dutsin-Ma ake kawo musu takardun. Na sa maka katin a cikin wannan wasiƙa don ka gane irinsu. Roƙona ɗaya ne: ka binciko wanda ke sayar da su, ka saye duk abin da ya rage, ka ƙone. Ina da tunkiya, zan sayar in biya ka. Jibo direba ne zai kawo maka wannan, na liƙe bakinta da ƙaro. Kada ka karanta a gaban kowa.

Taubashiyarka,
Rekiya


Dutsin-Ma, 17 ga Agusta, 1985

Zuwa ga Rekiya, sabuwar malama.

Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso. Muna lafiya, sai tarin da ke damun uwar yara, shi ma da sauƙi. Ƙafar nan taki tsufa ne, ki daina ɗora wa hadari laifi. Rubutunki kuwa na karanta shi ba tare da na juya takardar ƙasa da sama ba, saboda haka na janye maganar sawun kaza.

Yanzu ga zance. Na yi bincike kamar yadda kika ce. Asibitin Tsamiya Uku an rufe shi shekara uku da suka wuce, aka bar kayansa a hannun wani kwamiti. Bana rufin sito ya fara yoyo, sai mai gadin siton ya kwashe tsofaffin fayil ya sayar wa wani ɗan kasuwa buhu-buhu. Buhu goma sha ɗaya, in ji wanda ya yi dakonsu. Ɗan kasuwar ya rarraba wa masu gishiri da masu ƙosai da masu tsire, daga nan har Kurfi da Birchi. Ko raƙumi kika sayar ba tunkiya ba, ba mai iya tattaro su. Abin da na samu a shagonsa rabin buhu ne, na duba ɗaya bayan ɗaya, babu sunan Ilu, na ƙone.

To amma ki saurara, wannan fagena ne. Shekara ashirin ina buga wa mutane takardun koke. Abin da majiyyaci ya faɗa a asibiti amana ce, kuma wanda ya saki amana har ta shiga kasuwa, akwai diyya a kansa. Ba roƙo za mu yi ba, haƙƙi ne. Ga shaida a hannunmu, katin da kika aiko, har da maiƙon gishiri a jikinsa. In na zauna gaban tafireta na tsara musu takarda, wallahi sai kwamitin nan ya rasa wurin zama. Abin da za a samu zai iya kafa wa Ilu shagon kansa, ya daina tashi da asuba yana hura wa ɗaliban wasu wuta.

Ku mutanen ƙauye an saba a cuce ku ku ce Allah ya isa ku koma gida. Allah ya isa, gaskiya ne, amma ofis ma yana da ƙofa.

Ki ba ni izini kawai. Katin yana cikin akwatina, na kulle.

Naki,
Tukur


Rawayau, 23 ga Agusta, 1985

Malam Tukur,

Ina gaishe ka, ina yi wa uwar yara sannu. A dafa mata citta da kanumfari. Ƙafata da sauƙi, barci ne dai ya ƙaurace mini.

Na gode da wahalar da ka sha. Buhu goma sha ɗaya! Na karanta wurin nan sau uku ko na yi kuskuren haɗa baƙi.

Na koma kasuwar Kurfi. Na sayi gishiri ƙunshi tara wurin matar nan, ɗaya bayan ɗaya, har ta tambaye ni ko jimar fata na fara. Na sayi ƙosai da ba na ci, na sayi barkono, na sayi kanwa. Duk wanda na gani da irin takardar sai na tsaya na yi ciniki. Yanzu akwai gishiri a ɗakina da zai kai ni baɗi.

Na samu biyu na Ilu. Irin takardar da Malam Yunana ke yi wa alama ce duk Talatar da muka je, kowace shekara da tata, yana ɗaure su da koren zare a bayan katin. Shekara biyar, takarda biyar. Saura uku ke nan a duniya, ban san hannun da suke ba. Kowace da sunansa da na ubansa da na garinmu, da sunan asibitin a sama, kuma kowa a ƙasar nan ya san ciwon da ake kai wa Tsamiya Uku.

Akwai abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Ba sunan Ilu kaɗai nake gani ba. Na ga na wata mata da muke gaisawa kullum a bakin rijiya. Na ga na wani dattijo da ake ba shi sahun gaba a masallaci. Ban nemi sani ba, ga shi na sani, kuma yanzu in mun haɗu sai in rasa inda zan sa idona. Ina ƙone su a murhu in na ɗora tuwo. Da ban shiga ajin nan ba da gishiri kawai na saya.

Maganar diyya kuwa, ban ce i ba, ban ce a'a ba. Raina yana tafasa in na tuna wani ya auna asirin ɗana a buhu ya karɓi kuɗin goro. Kuma shagon da ka ambata ya shiga raina, ba zan ɓoye maka ba. Amma ina da tambaya. Takardar koken nan, wa zai karanta ta? Mutum nawa? Za a rubuta sunansa a ciki? Ka bar ni in yi shawara da zuciyata har bayan Sallah. Zan aiko maka da amsa.

Rekiya


Rawayau, 30 ga Agusta, 1985

Malam Tukur,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya. Ruwa ake yi kwana uku ba ƙaƙƙautawa, katangar bayan gidana ta zube.

Na yi shawara, amsata a'a ce. Kada ka rubuta komai.

Ga abin da ya sa. Ran Sallah Ilu ya zo da matarsa da 'yarsa. Shi ya karɓi wuƙa ya gyara naman, shi ya soya, yara suka kewaye shi kowa na miƙa hannu yana sa musu a baki. Ina zaune ina kallo sai na tuna matar nan mai gishiri. Ta riƙe katinsa a hannunta, ta naɗe, ta miƙo mini, ba ta san abin da ta riƙe ba. Masu ƙosai ba su iya karatu ba. Masu saye ma yawancinsu haka, su ci su yar, akuya ta cinye takardar ko ruwa ya tafi da ita. Wataƙila ukun nan da suka rage tuni damina ta gama da su. Amma ofis, Malam Tukur, ai ba a zuwa can sai an iya karatu. Aikinsu ke nan tun safe har la'asar.

Ka mayar mini da katin ta hannun Jibo, a liƙe. Na yafe shagon.

Jibo ya ce ƙorama ta cinye hanya wajen gada, mota ba ta wucewa, amma zai riƙe wasiƙar a aljihunsa har ranar da aka samu hanya. Ina roƙon Allah ta same ka da wuri.

Rekiya


Dutsin-Ma, 12 ga Satumba, 1985

Zuwa ga Rekiya.

Gaisuwa da fatan alheri, da barka da Sallah ko da ta wuce. Uwar yara ta warke, tana gaishe ki.

Kin ce bayan Sallah za ki aiko da amsa. Yau kwana goma sha shida da Sallah ban ga ko layi ɗaya ba. Na san halinki tun muna yara, in kina son abu ba kya faɗa, sai ki yi shiru ki bar mutum ya gane. To na gane. Kuma na samu labari kwamitin zai zauna ƙarshen wata, in aka wuce wannan zama sai baɗi. Saboda haka ran Litinin da ta wuce na shigar da takarda.

Da kin ga takardar nan da kin yi alfahari da taubashinki. Shafi biyu cur, ba gogewa ko ɗaya. Na buga kwafi huɗu: ɗaya ga shugaban kwamiti, ɗaya ga sakatarensa, ɗaya ga lauyan da ke ba su shawara, ɗaya a akwatina. Katin na haɗa da ta shugaban, akawu ya buga hatimi ya ba ni lamba.

Kin tambaya ko za a sa sunansa. Rekiya, ana neman diyya ba suna? Wa za a biya, iska? Na sa sunansa da aikinsa da inda yake aiki, domin ƙarfin koken ke nan: mutum ne mai dafa wa jama'a abinci, fitar wannan magana na iya raba shi da aikinsa. In ba a nuna abin da mutum zai rasa ba, ba a ba shi komai. Amma ki kwantar da hankalinki, na rubuta "Asiri" da manyan baƙaƙe a saman ambulan, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Jiya na leƙa makarantar na ga Ilu, don in san shekarar da ya fara aiki. Ban gaya masa komai ba. Yana nan lafiya, ya yi ƙiba.

An ce an gyara hanyarku, zan ba wani mai zuwa Kurfi wannan.

Naki,
Tukur


Rawayau, 24 ga Satumba, 1985

Malam Tukur,

Ina gaishe ka. Lafiyar jiki muna da ita.

Wasiƙarka ta zo ranar da Jibo ya ce ya miƙa maka tawa. Sun wuce juna a hanya. Na zauna da ita a bakin gado har rana ta yi tsaka ban ɗora tukunya ba. Shiruna ba izini ba ne, ruwa ne ya cinye hanya. Yanzu ka karanta amsata, ka san a'a na ce.

Kwafi huɗu. Ni ina nan ina bin masu gishiri ina tsintar uku, kai ka zauna ka ƙara huɗu, masu tsabta, da inda yake aiki a jiki, abin da ko Malam Yunana bai rubuta ba. Kuma ka rubuta "Asiri" a bayan ambulan. Ni da na koyi karatu da furfura na san in aka rubuta haka a kan takarda, ita za a fara buɗewa.

Ban ɗora maka duka ba. Ni na sa katin a wasiƙa da hannuna. Shekara ashirin maganar nan tana cikina ba ta fita ba, sai da na iya riƙe alƙalami.

Ka je ka karɓo takardun nan. Ka ce kuskure ne, ka ce wani Iliyasun ne, ka ce abin da ka ga dama, kai ne mai iya tsara magana.

Sannan akwai wata tambaya, ita ce ta fi ci mini rai. Ilu ya zo shekaranjiya da kekensa ya kawo mini sabulu. Muna hira sai ya ce, "Inna, na yi wa Kawu Tukur wani laifi ne?" Na ce me ka gani? Ya ce ka zo kicin, ya miƙa maka hannu, sai ka rungume fayil ɗinka da hannu biyu ka ce hannunka da tawada. Ya zubo maka shinkafa da wake a kwanonsa, har da nama biyu, ka ce kana azumi. Ya ce, "Na ce masa, Kawu, azumin Laraba kuma? Na wane malamin ne?" Yana ba ni labari yana dariya. Sai ya ce da ya fito zubar da ruwan wanke-wanke ya hango ka a bakin titi kana cin gyaɗa. Nan dariyar ta tsaya. Ya ce, "Mutumin da in ya zo har ƙanzo yake sa in kankaro masa."

Na ce masa wataƙila cikinka ne ba daɗi. Ƙarya ta biyu ke nan da na yi wa yaron nan a rayuwarsa.

Kai ka karanta katin. Ka ga inda aka rubuta an sallame shi. Kai ne ka buga shafi biyu kana cewa an zalunce shi. In kai ka kasa cin shinkafarsa, me zan sa rai daga wanda bai san shi ba?

Ka ba ni amsa, kada ka yi mini wasan taubasai a kai.

Rekiya


Dutsin-Ma, 8 ga Oktoba, 1985

Rekiya,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Na yi jinkirin amsa saboda ina son in samu abin da zan gaya miki.

Maganar abinci, a bar ta. Ni kaina ban san abin da ya same ni ba ranar. Na ga kwanon, na tuna zanen nan mai jan tawada, hannuna ya ƙi. Ban kyauta ba.

Na je karɓo takardun kamar yadda kika ce. Akawu ya ce abin da aka buga wa hatimi ya shiga fayil, ba ya fita sai da sa hannun shugaba, shugaba kuwa ya yi tafiya. Na koma sau uku. A zuwa na uku aka miƙo mini amsar kwamiti. Sun zauna, mutum bakwai, an karanta koken. Sun ce ba su ƙi biyan diyya ba, amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, mai sunan ya zo da kansa ya sa hannu, tunda shi baligi ne, ba uwarsa ko kawunsa ba. Na biyu, sai sun tabbatar da gaske yana aikin da aka ce, kuma da gaske aikin na cikin haɗari. Don haka sun rubuta wa shugaban makarantar suna tambaya, suka haɗa da kwafin takardata.

Ban san za su yi haka ba, Allah shi ne shaida.

Gara ki ji daga bakina. Ran Alhamis an kira Ilu ofis, an ce ya ajiye ludayi ya miƙa makullin sito, har sai likita ya zo daga Katsina ƙarshen wata ya duba shi. Ba a kore shi ba, albashinsa na nan. An ba shi adda yana yankan ciyawa a bayan ɗakunan kwana. An ce bai fahimci dalili ba, ya yi ta tambaya ko wani abu ne ya ɓace a sito. Shugaban makarantar bai iya gaya masa ba, ya ce dai umarni ne.

Na san ranki zai ɓaci, amma ki duba wannan da idon basira: yanzu kokenmu ya fi ƙarfi. Da cewa muke yi zai iya rasa aiki, yanzu ga shi a fili kowa ya gani. Lauyansu da kansa ya ce mini abin da za a bayar zai fi yadda na zata. Abin da ya rage a gaya wa Ilu, ya zo ya sa hannu. In ba za ki iya ba, ni zan gaya masa.

Tukur


Dutsin-Ma, gidan Ilu, 15 ga Oktoba, 1985

Malam Tukur,

Ina gaishe ka, domin an koya mana a fara wasiƙa da gaisuwa. Ina cikin garinku tun ran Asabar. Tsakanina da teburinka tafiyar minti goma ce, amma na zaɓi in rubuto, don in na zo zan ɗaga murya a bakin gidan waya, kuma mutanen da suka ji maganar ɗana sun isa haka.

Na same shi da hantsi a bayan makarantar, ya tuɓe riga yana sara. Na ga kafaɗar nan ta hagu, sumul, ba ko ɗigo. Na ce ya ajiye addar mu zauna. Na gaya masa duka, tun daga allurar da bai ji ba har gishirin Kurfi. Ban rage komai ba, har da cewa ni na aiko maka da katin.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya buɗe hannuwansa yana juya su, yana duba yatsun ɗaya ɗaya kamar na wani. Can ya ce, "Ashe gidan Gwaggo na ran Talata ke nan. Mutumin nan mai ba ni alewa." Na ce shi ne, Malam Yunana. Sai ya ce, "Shi ya sa Kawu ya yi azumin Laraba." Ya ɗauki addarsa ya ce bari ya ƙarasa, kada a ce kuma ya ƙi aiki.

Maganar ta riga ta fita. Mai shayin ƙofar makaranta ya ware masa kofi, ya ɗaura zare a hannun kofin don kada ya haɗu da sauran. Abokan aikinsa na kicin suna gaishe shi daga nesa, da fara'a sosai, irin wadda ake yi wa mai jinya. Matarsa yarinyar kirki ce, ta yi kuka ta ce ita ba inda za ta. Amma jiya da zai ɗauki 'yarsu na ga ta riga shi ɗauka, ta ce za ta yi mata wanka, alhali ta yi mata da safe. Shi ma ya gani.

Likita zai zo, zai duba, zai rubuta cewa lafiyarsa lau. Na sani, kai ma ka sani. Takarda ce za ta ƙaru a fayil. Ba ita za ta sa mutum ya buɗe baki ya sa lomar da Ilu ya tuƙa ba.

Na gaya masa maganar diyya da sa hannu, don haƙƙinsa ne ya sani. Ya ce, "Shagon me zan buɗe, Inna? Wa zai saya?" Ya ce ba zai sa hannu ba. In ya sake shawara wata rana, shi ya sani, ba ni ba, ba kai ba.

Amma ni ina neman diyya, kuma a wurinka nake nema.

Ran Juma'a in an sauko daga masallaci, ma'aikatan makarantar suna zama a benci a ƙofar, wurin mai shayi. Ilu zai dafa shinkafa da wake a gida da hannunsa, ya kawo a kwano ɗaya. Ni mace ce, ba zan zauna cikin maza ba, kuma ko na ci za a ce uwa ce. Kai kuwa garin nan kaf an san ka, an san kai ka buga takardar, an san ka karanta katin da idonka. Ka zo da babbar rigarka ta Juma'a. Ka miƙa masa hannu a gaban kowa. Ka zauna ku ci a kwanon nan, da hannu, ba da cokali ba, har ka sa ya kankaro maka ƙanzo kamar da. Sannan ka karɓi kofin nan mai zare ka sha ruwa.

Ban ce wannan zai mayar masa da ludayinsa ba. Ban sani ba. Har yanzu akwai takarda uku da ban gani ba, kuma an ce mai gishirin ta koma cin kasuwar Birchi. Amma dole wani ya fara ci, kuma kai ka fara ƙi.

In za ka zo, ka taho mini da wasiƙuna duka, ina da murhu a nan.

Da ƙyar na shawo kansa ya yarda zai kawo abincin. Ya ce in ba ka zo ba zai zauna shi kaɗai da kwano a gaban mutane, kuma ya san ba zai sake iya fitowa ƙofar nan ba. Na ce masa za ka zo. Ina roƙonka kada wannan ta zama ƙarya ta uku.

Zan tsaya a tsallaken titi, gindin dalbejiya, inda zan ga bencin. Idan ba ka zo ba, kada ka rubuto mini dalili.

Rekiya, uwar Ilu